Ɗanyen Kifi a Kan Shinkafa: Daga Hawayi Zuwa Madafin Gidanmu a Suleja

Na kwana biyu ban ce komai ba, hidimar rumfa ce ta riƙe ni, don Baba ya yi tafiya ya bar mini kaya da lissafi. Yau dai na samu sarari, kuma abin da zan kawo labarin wani kwanon abinci ne da ya kusa haɗa ni faɗa da mahaifiyata, ya kuma sa na shafe makonni ina tonon tarihin wasu mutane da ban taɓa gani ba, da tarihin garin da aka haife ni a ciki.

Ga yadda abin ya faro. Wata rana bayan la'asar, kasuwa ta lafa, ina zaune a kan buhun shinkafa ina latse-latsen waya, sai na ci karo da bidiyon wani mutum yana haɗa abinci. Ya zuba farar shinkafa a kwano, ya yayyanka jan kifi ɗanye ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar suga, ya zuba wani baƙin ruwa da man riɗi da lawashi, ya juya, ya ɗora a kan shinkafar, ya jera fiya da kokwamba a gefe. Bai kunna wuta a kan kifin nan ba ko na minti ɗaya. Sunan abincin wai poke, na mutanen tsibiran Hawayi. Na dubi rumfarmu, ga shinkafa buhu-buhu, ga kifi kwali-kwali, ga riɗi a rumfar maƙwabcinmu. Na ce a raina, to me ya rage? Da yamma na biya ta wurin masu tarwaɗa na sayi rayayya guda ɗaya, na nufi gida da ita a leda tana fizge-fizge.

Inna ta ga na wanke kifi na fara yanka ba tare da na nemi gawayi ba, ta ce, "Kai, ina za ka soya?" Na ce, "Inna, wannan ba a soya shi, haka ake ci." Ta yi shiru tana kallona kamar wanda ya zo da wani sabon ciwo, sannan ta ce, "Ba a gidan nan ba. Ubanka shekara talatin yana sayar da kifi, ka taɓa ganin ya kai ɗanye bakinsa?" Ta karɓe wuƙar. Kifin nan a farfesu ya ƙare, kuma ban ɓoye muku ba, da fushi na ci shi. A lokacin na ɗauka duhun kai ne irin na tsofaffi. Daga baya na gane ita ce ta san abin da take yi, ni ne ban sani ba. Amma bari mu bi abin daki-daki.

Hawayi tsibirai ne a tsakiyar tekun Fasifik, tsakaninsu da gaɓar Amurka kusan kilomita 4,000 na ruwa zalla. Mutanen asalin wurin masunta ne na gaske, har tafkunan kiwon kifi suke ginawa da duwatsu a bakin teku tun ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya san da su. Masunci ya kamo kifi da safe, ya fere shi nan take, ya barbaɗa masa gishirin teku, ya haɗa da wata ciyawar ruwa da suke kira limu, da dakakken ɗan wata itaciya mai suna kukui da aka soya, wanda suke kira inamona. Shi ke nan abinci ya haɗu. Kalmar poke ɗin kanta a harshensu yankawa take nufi, wato a daddatsa abu gunduwa-gunduwa. Abin da ya fi ba ni mamaki, mai karatu, shi ne babu shinkafa a cikin lissafin nan ko ƙwaya ɗaya. Abincinsu na yau da kullum gwaza ne, irin gwazan da muka sani, su dafa su kirɓa shi ya zama wani abu tsakanin tuwo da kunu, suna kiransa poi. Da shi ake cin kifin.

Kyaftin James Cook na Ingila ya sauka tsibiran a 1778, daga nan ƙofa ta buɗe. A 1810 Sarki Kamehameha ya gama haɗa tsibiran a ƙarƙashin sarauta ɗaya. Ku riƙe wannan shekarar, za mu dawo kusa da ita idan mun iso Suleja. Zuwa tsakiyar ƙarnin, Turawa sun kafa manyan gonakin rake, cututtukan da suka shigo da jiragen ruwa kuma sun rage 'yan ƙasa ƙwarai, sai aka shiga neman leburori daga waje. 'Yan ƙasar Sin suka fara zuwa da kwangila a 1852. Rukunin farko na Japanawa ya zo a 1868, sannan daga 1885 suka riƙa zuwa dubbai bisa yarjejeniyar gwamnati. Akwai kuma 'yan Fotugal, da 'yan Koriya, da 'yan Filifin. Waɗannan baƙin ne suka zo da shinkafa a matsayin abincin kullum, har Sinawa suka mayar da wasu tsofaffin fadamun gwaza suka koma gonakin shinkafa. Su ne kuma suka zo da baƙin ruwan nan da na gani a bidiyo, wanda ake yi da waken suya da aka bari ya ruɓa da gishiri, da kuma man riɗi. Japanawa dama sun iya cin ɗanyen kifi tun a gida, kuma su suka ƙware wajen fita can cikin teku kamo babban kifin nan tuna, wanda mutanen Hawayi ke kira ahi.

Ana cikin haka mulki ya suɓuce daga hannun masu ƙasa. A 1893 'yan kasuwa masu gonakin rake, da goyon bayan sojan ruwan Amurka, suka tumɓuke Sarauniya Liliuokalani. A 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran, a 1959 suka zama jiha ta 50. Shi kuwa poke a siffar da duniya ta san shi yanzu, wato jan tuna da ruwan waken suya da albasa da man riɗi, sai wajen shekarun 1970 ya bazu a kantuna da kasuwannin kifi na Hawayi, ana auna wa mutum a sikeli kamar yadda ake auna mana nama. Ɗora shi a kan shinkafa a jera masa kayan lambu launi-launi, wannan ma ya fi zama sabon abu, ya yi tashe ne a biranen Amurka da Turai a tsakiyar shekarun 2010. Ashe abin da na ɗauka tsohon abincin gargajiya ne, rabinsa kayan 'yan ci-rani ne. Wannan ya yi mini daɗi, don ni ma jikan ɗan ci-rani ne. Kakana daga Maraɗi ya zo garin nan da fatauci, ya ga wuri ya zauna.

To yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya yi makaranta a Suleja ya ji labarin kafuwar garin, ko da a taƙaice. Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, masu jihadi suka ci Zariya a 1808, shekara biyu ke nan kafin Kamehameha ya gama nasa yaƙin a can. Sarkin Zazzau na Haɓe, Muhammadu Makau, ya fito da jama'arsa ya yo kudu zuwa Zuba, cikin ƙasar Koro da Gwari waɗanda dama suna biyayya ga Zazzau. Ya ci gaba da gwabzawa har aka kashe shi a Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, shi ne ya kafa sabon gari a 1828 kusa da kogin Iku, aka kira garin da sunansa, Abuja. Garin ya tsaya da ƙafarsa, daular Sakkwato ba ta taɓa cinsa ba, sai da Turawan Ingila suka shigo a 1902. Shi ya sa har yau sarautar garin Sarkin Zazzau ake ce mata. Baba yakan ce wannan ne ya sa kakanmu bai ji baƙunta ba, don Maraɗi ma haka ta samu sarautarta, sarakunan Katsina na Haɓe ne suka koma can bayan jihadi. Garuruwa biyu ne na waɗanda aka kora suka ƙi miƙa wuya.

Abin da nake so a lura da shi a nan shi ne inda garin yake. Daga Suleja zuwa bakin teku a Legas ya fi kilomita 700 ta hanyar mota. Kogunan da ke kusa da mu, Iku da Gurara da sauransu, suna da kifi, amma ba wanda zai ciyar da babban gari. Kifin kirki daga nesa yake zuwa tun fil azal: daga Kwara da kogin Kaduna inda Nufawa ke su, daga wajen Yawuri inda Sarkawa suka shahara, daga baya kuma daga tafkin Cadi. A zamanin jaki da ɗan dako, tafiyar kwanaki ce cikin zafin rana. Kifi kuwa, duk wanda ya taɓa barin shi a leda daga safe zuwa azahar a watan Maris ya san ba ya jiran kowa. Saboda haka duk ilimin kifi da kakanninmu suka tara, ilimi ne na yadda za a hana shi lalacewa a hanya: a tsaga shi a shanya, ko a naɗe shi a soke da tsinke a yi masa banda a kan hayaƙi har ya bushe ƙayau, ko a soya shi sosai. Mutumin Hawayi tsakaninsa da kifinsa tafiyar minti goma ce, mu namu tafiyar kwana goma. Shi gishiri kaɗan ya ishe shi, mu sai da wuta.

Baba ya fi kowa iya ba da labarin hanyar banda. Ya ce a ƙuruciyarsa idan ana maganar busasshen kifi, Baga ake nufi. A can bakin tafkin Cadi ake banda tarwaɗa, a cusa a kwali, a ɗaure, a loda a manyan motoci zuwa Maiduguri, daga nan ta watsu har Onica da Legas, mu ma mu samu rabonmu a hanya. Rikicin Boko Haram ya karya wannan hanya, musamman bayan harin da aka kai Baga a watan Janairun 2015, aka kuma daɗe an hana safarar kifin yankin. Na tuna shekarar, ina ƙaramin yaro a sakandare, rumfarmu ta yi wata da watanni rabinta fanko. Dole Baba ya juya akala zuwa kifin jiharmu. A nan madatsun ruwa suka cece mu. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta haifar da katafaren tafki, ta cinye tsohuwar Bussa har aka gina wa mutane sabuwa, kuma a Sabuwar Bussa ɗin ne cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa take. Ga Shiroro da aka buɗe a 1990, wadda ta fi kusa da mu. Daga waɗannan wurare ake samun giwan ruwa, da ƙarfasa, da kurungu, da balli, da ragon ruwa. An gina su don wutar lantarki, amma a gidanmu kifinsu muka fi mora, wutar kam sai dai a yi shiru.

Sai kuma kifin ƙanƙara, wanda yaran yanzu suka ɗauka tun farkon duniya yake nan. Ba haka ba ne. A ƙarshen shekarun 1950 ne Michael Ibru ya fara shigo da daskararren kifi yana tallarsa a Legas, kuma da farko mutane gudunsa suke yi, suna ce masa kifin mutuware, wai an ajiye shi a sanyi kamar gawa. A hankali araha ta rinjayi ƙyama. Yau titus ɗin da ake soyawa a kowane lungu na Suleja daga can tekun Atilantika yake, ya sha jirgin ruwa, ya sha tirela, ya kwana a ɗakin sanyi, kafin ya iso faranti a bakin titi. Idan mutanen Legas sun taɓa ƙyamar kifin ƙanƙara sannan suka saba, ai kuwa Inna ma za ta iya sabawa da ɗanye, haka na yi ta faɗa wa kaina. Da wannan hujjar na koma karatu, don in samu abin da zan kayar da ita. Abin da na samo shi ya kayar da ni.

Na farko dai, kifin da ake yin poke da shi na teku ne, ba na kogi ba, kuma bambancin ba na ɗanɗano ba ne kawai. Kifin ruwan daɗi yana iya ɗauke da tsutsotsin da ke iya rayuwa a jikin ɗan Adam, wasu a hanji, wasu a hanta. A arewa maso gabashin ƙasar Tailan akwai wani abinci da ake yi da ɗanyen kifin kogi da lemun tsami da barkono, kuma yankin ya yi ƙaurin suna a duniya wajen yawan sankarar magudanar ɗaci ta hanta, sanadin wata tsutsa da ke shiga jiki ta wannan abincin. Ba sai mun je nesa ba ma. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 da bayansa, likitoci a gabashin ƙasar nan sun riƙa ganin mutane da yawa suna tari da jini, a ɗauka tarin fuka ne, ashe wata tsutsar huhu ce da ake samu daga ƙaguwar rafi da ba ta dahu ba, wadda yunwa ta tilasta wa mutane ci. Lemun tsami kuma, da na yi niyyar matsawa a kan tarwaɗata ina ganin zai wadatar, yana sauya launin naman kifi ya yi fari kamar dafaffe, amma ba ya kashe tsutsa. Ga shi tarwaɗar da na saya ta kiwo ce, daga irin kududdufan siminti na bayan gida, waɗanda ni da ku mun san abin da wasu ke zuba musu a matsayin abinci.

Na biyu, ko kifin teku ne, akwai ƙa'ida. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar cewa kifin da za a ci ɗanye a daskarar da shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri har kwana 7, ko a digiri 35 ƙasa da sifiri na awa 15, don kashe tsutsa. Kwana bakwai cur ba tare da sanyin ya sauka ba. Mai karatu, idan kana zaune a unguwa irin tamu ka faɗa mini yaushe rabon da a bar maka wuta kwana bakwai a jere. Firjin gidanmu rabin rayuwarsa kabad ne. Kuma shi sanyi tsutsa yake kashewa, ƙwayoyin cuta kam barci kawai yake sa su, da zarar kifi ya narke sun farka.

Na uku shi ne wanda ya fi tsorata ni, don ya shafi abin da muke ci kullum. Kifaye irin su tuna da titus, idan aka bar su suka ɗumama bayan kamu, ƙwayoyin cuta na haifar da wani sinadari a namansu mai suna histamin. Wanda ya ci, cikin ɗan lokaci fuska ta yi ja, jiki ya kama ƙaiƙayi, kai ya sara, wani har da amai da gudawa. Abin haushin shi ne suya ba ta kashe shi, dafuwa ba ta kashe shi, sake daskarewa ba ta kashe shi. Na tuna sau nawa na ga kwalin kifi ya narke ya yi ruwa a rana, da yamma a mayar da ragowar cikin sanyi, gobe a sake fito da shi. Na kuma tuna wata ƙanwata da aka ce tana da "ƙyan jini" da titus, wani lokaci ta ci lafiya, wani lokaci ta kumbura. Yanzu ina zargin ba jininta ba ne, kifin ne yake bambanta. Tun daga lokacin idan zan sayi kifin ƙanƙara da sassafe nake zuwa, lokacin da aka buɗe kwali yana nan tauri kamar itace, in duba idonsa da ƙarƙashin kunnensa, in kuma ƙi duk wanda cikinsa ya saki.

Da na kai wa Baba wannan bayani bayan ya dawo, ina ta zuba kamar wanda ya gano sabuwar ƙasa, sai ya yi dariya ya ce, "Yanzu duk kuɗin datar da ka ƙona, abin da uwarka ta gaya maka a kyauta ka je ka sayo?" Ya ƙara da cewa batun halacci ba shi ne matsala ba, kifi ba ya buƙatar yanka, kowa ya san wannan. Matsalar lafiya ce, kuma masu banda sun san ta tun kafin a ƙirƙiro madubin likita.

Akwai wani ɓangare na tarihin poke da ya tsaya mini a rai, kuma ina ganin duk ɗan Suleja zai ji shi a jikinsa. A 2018 wani kamfanin sayar da abinci a birnin Shikago, mai suna Aloha Poke, wanda masu shi ba 'yan Hawayi ba ne, wanda kuma ya riga ya yi rajistar sunan, ya sa lauyoyinsa suka aika wa wasu masu gidajen abinci wasiƙa cewa su daina amfani da waɗannan kalmomi biyu a sunan sana'arsu. Cikin waɗanda aka aika wa har da 'yan asalin Hawayi, har wata iyali a Alaska suka sauya sunan shagonsu. Aloha kuwa ita ce gaisuwarsu, kamar a ce wani ya yi rajistar "sannu da zuwa" ya hana Bahaushe rubuta ta a ƙofar shagonsa. Aka yi ta zanga-zanga, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Na karanta wannan na ajiye waya na yi shiru, don mu ma an taɓa karɓar sunanmu. A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta fitar da dokar kafa sabon babban birnin tarayya, aka yanki ƙasa mai yawa daga masarautar nan, aka kuma ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin. Tsohon garin Abu Ja ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Ban ce daidai suke ba. Namu da shawara aka yi, kuma dattawa da yawa suna alfahari da cewa sun ba ƙasa suna. Amma ka je ka tambayi matashi a Maitama ko Asokoro wane ne Abu Ja, ka ga yadda zai dube ka. A ranar 12 ga Disamban 1991 gwamnati ta tare a can, mu kuma muka zama ɗakin kwanan ma'aikatan da hayar birni ta fi ƙarfinsu. Irin kwanon nan na Hawayi ma, idan ana sayar da shi a ƙasar nan, a can cikin sabuwar Abuja za ka same shi, da kifin da aka yi jigilarsa cikin sanyi na musamman, a farashin da ɗan tsohuwar Abuja sai ya yi tunani biyu.

Duk da haka ban haƙura ba, sai na sauya dabara. Na ce tunda mutanen Hawayi da abin da ke gabansu suka haɗa nasu, bari in dubi abin da ke gabana. Shinkafa dai ba aro muka yi ba. Afirka ta Yamma tana da irin shinkafarta na kanta, ja-ja ɗin nan, da aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara ta wajen ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce, tun kafin shinkafar Asiya ta iso. A jiharmu kuma, a Badeggi kusa da Bida, akwai tashar binciken shinkafa tun 1953, daga can aka fitar da irin nan da ake kira Faro, ciki har da Faro 44 da manoma ke ce wa sipi. Na ɗebo 'yar gida daga rumfa, na tsince tsakuwa, na dafa ta da ɗan laushi don ta riƙe juna. Riɗi kuwa abin dariya ne, ƙasar nan na cikin manyan masu nomansa a duniya, kuma Japan na cikin manyan masu sayensa daga gare mu, ta yiwu man da mutumin bidiyon nan ya zuba daga gonar Nasarawa ko Jigawa ya taso. Na soya riɗi sama-sama na daka rabi. A madadin inamona, tunda dakakken ɗan itace ne mai maiƙo, na daka ƙuli-ƙulin Bida. A madadin baƙin ruwan waken suya na jiƙa daddawa kaɗan da gishiri na tace, don su biyun 'yan gida ɗaya ne, wake ne aka bari ya ruɓa, kuma mu ma yanzu ana yin daddawar waken suya. A madadin ciyawar teku na tafasa zogale na matse. Kifin kuma giwan ruwa na samu, mai tsoka ba ƙaya da yawa, na yanka gunduwa-gunduwa kamar yadda sunan abincin ya ce, na turara shi har ya dahu ciki da waje, na bar shi ya huce, sannan na juya shi da man gyaɗa da albasa da lawashi da attarugu da lemun tsami.

Saura kwano. A saman kabad ɗin Inna akwai wani kwanon yumɓu mai ƙyalli, ruwan ƙasa-ƙasa, da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, kakana ya saye shi a wurin ginin tukwanen garin nan. Wurin Bature Michael Cardew ya kafa shi a farkon shekarun 1950, lokacin garin yana Abuja, kuma a nan ne Ladi Kwali ta shiga aiki a 1954, mace ta farko a wurin, har sunanta ya kai Ingila da Amurka. Ta rasu a 1984, hotonta ne a bayan takardar naira 20 tana ginin tulu. Ban ce ita ta gina namu ba, Baba ma bai taɓa cewa haka ba, amma daga wannan gidan ya fito. Na roƙi Inna ta ara mini, ta ce in ya fashe in nemi garin da zan koma.

Na zuba shinkafa, na ɗora kifi a tsakiya, zogale a gefe, fiya da kokwamba da karas a ɗaya gefen, na barbaɗa ƙuli da riɗi. Na kai wa Baba zaure. Ya sa cokali, abu na farko da ya yi shi ne ya cakuɗa komai wuri ɗaya, duk adon da na ɓata rabin awa ina jerawa ya tafi. Ya ci loma uku bai ce komai ba, sannan ya ce a ƙaro yaji. Inna ta leƙo ta ɗebi kaɗan a tafin hannu ta ɗanɗana, ta dube ni ta ce, "Wannan ne abincin Amurkan? Ai kwaɗo ne. Kwaɗon zogale ka yi ka sa masa kifi ka ɗora a kan shinkafa." Na buɗe baki zan yi musu, na duba abin da ke cikin kwanon, ƙuli, zogale, albasa, mai, lemun tsami, sai na rufe bakina. Ta ce gobe in rage daddawar, ta yi yawa, in kuma wanke mata kwanonta in mayar inda na ɗauko.